Esansi, gazuwal, ibirid ko mai lantarki: wacce za ta jure hanyar Garwa zuwa Kuseri?

Bayan an kwashe albasar bana kawuna ya kira ni shagonsa a Marwa, ya miƙo mini waya. Wani dillali a Duwala ya turo masa hotunan motoci huɗu: Corolla, Prius, wata babbar mai gazuwal da aka sauke daga Turai, da wata 'yar Sin mai lantarki zalla, fara sol, allon gabanta ya kusa kai talabijin. Ya ce, "Ɗana, kai da kake karance-karancen nan, wacce ce ba za ta riƙa kwana a gareji ba?"

Na ce, "Kawu, ku fara gaya mini inda za ku riƙa shan mai."

Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Alhali rabin amsar tana nan. Injiniyan da ya zana motar zamani a Japan ko Jamus yana da irin man da ya sa a ransa, da irin hanya, da irin makaniken da zai buɗe ta. In ƙasarka ta yi daidai da lissafinsa, ka more. In ba ta yi ba, abin da aka ƙirƙira don sauƙi shi zai zame maka ciwon kai.

Ma'aunan da za a ɗora kowace a kai

Na farko mai. A Fabrairun 2024 litar esansi a gidan mai a Kamaru ta koma sefa 840, gazuwal 828. Kafin Fabrairun 2023 kuwa 630 ne da 575. Tsohuwar hujjar nan ta cewa gazuwal ya fi araha ta mutu ke nan, tazarar sefa 12 ce kacal. Sannan ga zuwa-zuwa, man jarka da kwalba da ke shigowa daga Najeriya. Ya yi tsada tun da aka cire tallafi a can a watan Mayun 2023, amma har gobe da shi ƙauyuka da yawa ke tafiya, kuma ba mai iya rantse maka abin da ke gindin jarkar.

Na biyu zafi da ƙura. A watan Afrilu ma'auni kan wuce 40 a Marwa da Kuseri da Njamena, hunturu kuma ya zo da ƙura mai laushi kamar gari, wadda ke shiga duk inda iska ta shiga.

Na uku hanya. Kwaltar Garwa zuwa Marwa, kilomita 210 ko kusa da haka, daban take da Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, kuma dukansu daban suke da laka ta karal, wato baƙar ƙasa mai danƙo, da damina ko yashin mayo, wato rafi, da rani. Nan tsayin cikin mota daga ƙasa yake aiki.

Na huɗu, wa zai gyara, kuma kwana nawa kayan gyaran za su yi kafin su iso? Na biyar kuɗi, na saye da na duwan da na mai da wanda za ka samu ran da ka tashi sayarwa. Duwan ɗin Kamaru yana ƙara haraji a kan motar da ta kwana biyu, ya ƙara tsanantawa in ta ƙara tsufa, saboda haka tsohuwar da ta yi araha a hoto ba lalle ta yi araha a tashar jirgin ruwa ba. Na shida rai, wanda zan ware masa wurinsa don ya shafi dukansu.

Mai esansi, inji marar turbo

Corolla ce sarauniyar wannan aji, da 'yan'uwanta irin su Avensis da RAV4 mai esansi. Tun 1966 ake ƙera Corolla, kuma a 2021 adadin da aka sayar ya haura miliyan 50. Injinta mai lita 1.8 yana fesa mai ne a bakin bawul da matsi kaɗan, kaca ke juya shi ba bel ba, kuma yana da haƙuri da man da bai cika tsabta ba. In nozul ya toshe a wanke, in famfon mai ya mutu akwai shi a kasuwar Garwa, in babu a kawo daga Mubi ko Yola. Duk yaron gareji ya san cikinta. Takan sha kusan lita 8 a kilomita 100 in ana kunna sanyi. Aibinta ɗaya babba, gajeriya ce, cikinta na gugar ƙasa a hanyar da manyan motoci suka tona.

A lura da giya. Sababbin ƙirar da yawa, musamman waɗanda aka kawo daga Amurka daga 2014 zuwa sama, suna da giyar CVT mai bel na ƙarfe tsakanin faifai biyu. Tana rage shan mai, amma ba ta son zafi da turzawa a yashi, kuma man giyarta na musamman ne. Wanda zai riƙa shiga daji gara ya nemi giyar hannu ko tsohuwar otomatik.

Akwai kuma 'yan ƙananan injina masu turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, da Turai ta cika kasuwa da su tun wajen 2012, lita 1.0 ko 1.2, silinda uku, suna fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai yawa. Gwaninta ce ta gaske, ƙaramin inji da ƙarfin babba. Sai dai suna son esansi mai kyau da baƙin mai na ainihi a kan lokaci, wasunsu ma bel ɗinsu a cikin baƙin mai yake iyo, in man bai dace ba sai ya riƙa marmashewa ya toshe matatar famfo. Ban ga dalilin da zai sa mutumin Mokolo ko Kayele ya jawo wa kansa wannan ba.

Mai gazuwal: suna ɗaya, halitta biyu

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu wa'azi a kan Hilux da Land Cruiser. A 1987 da irin waɗannan a-kori-kura sojojin Chadi suka ci Fada da Wadi Dum a hannun dakarun Libiya, har duniya ta sa wa faɗan suna Yaƙin Toyota. Land Cruiser jerin 70 tun 1984 ake yin ta, injinta 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida ya fito a 1990, famfonsa na ƙarfe ne, ba ruwansa da kwamfuta. Ba gudu gare shi ba, ga shan mai, ga hayaƙi, amma yakan haɗiye gazuwal ɗin da zai kashe sabon inji. Hilux mai injin 5L-E ma kusan haka take.

Gazuwal na zamani wata halitta ce. Tun 1997, lokacin da Alfa Romeo 156 ta fito da tsarin da ake kira common rail, aka koma tara mai a bututu guda da matsi mai tsanani da ya haura bar 1,300, kwamfuta na buɗe nozul sau da yawa a kowane bugu. Ƙarfi ya ƙaru, ƙara ta ragu, shan mai ya sauka. Amma ramukan nozul ɗin sun yi siririn gashi, ruwa kaɗan ko ƙasa kaɗan a cikin mai sun isa su cinye famfo da nozul gaba ɗaya. Daga 2009 dokar hayaƙi ta Turai ta sa aka ƙara matatar toka a salansa, DPF, wadda sai ta yi zafin kusan digiri 600 a doguwar tafiya take ƙone abin da ta tara. Daga wajen 2015 kuma aka ƙara tankin AdBlue, ruwan yuriya da ake fesawa cikin hayaƙi. Ruwan nan zafi na lalata shi in ya daɗe a ajiye, in kuma ya ƙare motar ba za ta tashi ba, haka aka tsara ta. Duk wannan an gina shi ne a kan gazuwal ɗin Turai, wanda sulfur ɗinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba.

Na taɓa shiga irin wannan mota ta wani maƙwabcinmu, wata uku da sauke ta. Mun wuce Figil kaɗan sai wata fitila ruwan lemo ta kama a gaban direba, motar ta ƙi wuce gudun Keke Napep. Ya taka har ƙasa, ko gezau. Muka lallaɓa zuwa Garwa, masu babur na wuce mu suna waige. Makaniken da ya sa mata kwamfuta ya ce matatar ta cika, ya ba da shawarar a fasa ta a zubar da cikin, a goge ta daga ƙwaƙwalwar motar. Haka ake yi, kuma motar takan tashi, amma ka sayi fasaha da tsada ka biya wani ya cire ta, ga baƙin hayaƙi ya dawo.

Saboda haka in gazuwal kake so, tambayi kasuwar da aka ƙera motar dominta. Wadda aka yi wa Afirka ko ƙasashen Larabawa sau da yawa ba ta da waɗannan ƙarin, kuma matatar iskarta da lagiretonta na ƙasar zafi ne. Ka ƙara mata matata mai raba ruwa da mai. Tsadar saye kam tana nan, amma Hilux ba ta kwantai a kasuwa, ko a Njamena ko a Ngaundere.

Ibirid, mai haɗa inji da batir

Nan zan daɗe, don nan ne aka fi yi wa mota ƙazafi. Da yawa sun ɗauka sai an sa ta a caji. Irin ta Prius ba a sa ta a soket ko sau ɗaya. Esansi kake zubawa, ita ke cajin batirinta da kanta, daga inji da kuma birki: duk lokacin da ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki a hankali, injin lantarkin da ke tura taya sai ya juye ya zama janareta. Mai saukowa daga tsaunin Ngaundere zuwa Mbe zai ga batir ya cika tun bai kai rabin gangaren ba, daga nan sai ya sa giya a B inji ya riƙe ta. Shi ya sa takalmin birkinta ke daɗewa.

Ba sabuwar aba ba ce. A Disambar 1997 Prius ta fara fita a Japan, kuma masu tasi a manyan biranen duniya sun tara mata kilomita dubu ɗaruruwa. Giyarta, duk da ana ce mata e-CVT, ba bel a ciki, haƙoran ƙarfe ne ke raba ƙarfi tsakanin injin mai da injinan lantarki biyu. Ba kuloci, ba sitata irin ta sauran motoci. Injin Prius na 2009 zuwa 2015, mai lita 1.8, shi ma a bakin bawul yake fesa mai, don haka bai fi na Corolla tsirfa a kan esansi ba. A cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi tsakanin 'yan babur, takan sha kusan lita 5. A doguwar hanya da gudu ribar takan ragu.

Ga lissafi a kan sefa 840 lita. Mai yin kilomita 1,500 a wata, in motarsa na shan lita 8, zai zuba lita 120, sefa 100,800. Mai shan lita 5 zai zuba 75, sefa 63,000. Bambancin 37,800 ne a wata, sama da 450,000 a shekara.

To ina matsalar? Zafi da ƙura, a wuri guda. Batirin yana bayan kujerar baya, iskar cikin mota ce ke sanyaya shi, wata 'yar fanka na zuƙo ta ta wata kafa a gefen kujerar. Na tsaya a kan wani makanike a Garwa yana buɗe irin wannan fanka: abin da ya fito kamar an kwance tsohon matashi, ƙura ta haɗu da zaren darduma da gashi ta zama kirtani, fukafukan ko motsi da kyar. Mai motar kuma ya saba jingina buhu a daidai kafar. Batir ya yi ta dahuwa a ɓoye har wasu ɗakunansa suka mutu. Wanke fankar nan ba ya cin awa ɗaya, ya kamata a yi shi bayan kowane hunturu. Na'urar sanyi a ibirid ba ado ba ce, ita ke raya batir. Kwamfaresarta ma da lantarki take aiki, manta na musamman ne marar ɗaukar wuta, in mai gyaran sanyi ya zuba na sauran motoci zai jawo babbar ɓarna. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa suna ɗauke da sama da volt 200, ba wurin gwajin ɗan koyo ba ne.

Kafin ka biya, a sa kwamfuta a karanta ƙarfin kowane sashe na batirin, a ga ko sun yi kusa da juna. Ka guji wadda ta yi watanni a tsaye a tashar Duwala ko Kwatano, da duk wadda ruwa ya taɓa shiga cikinta. Prius gajeriya ce, cikinta kusan santimita 14 daga ƙasa. Mai son tsayi ya dubi RAV4 ibirid, wadda ta fara fita wajen 2016, sai dai kuɗinta ya fi.

Mai lantarki zalla

A takarda ba wadda ta kama ƙafarta. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba nozul. Matsakaiciya takan ci kusan kilowat-awa 17 a kilomita 100. A wancan lissafin na 1,500 a wata, ko an sa kowane kilowat-awa a sefa 100, kuɗin bai wuce 25,500 ba. Batir ma ya ci gaba. Nissan Leaf ta farko, ta 2010, batirinta kilowat-awa 24 ne kuma ba ruwan sanyaya shi, masu ita a jihar Arizona mai zafi ta Amurka sun koka da saurin raguwarsa. Tsohuwar Leaf ba ta Marwa ba ce ko da kyauta. Na yanzu, irin batirin da ake kira LFP da kamfanin BYD na Sin ya fitar a 2020, sun fi jure zafi da yawan caji, kuma ana sanyaya su. Atto 3 ta BYD mai batir na kilowat-awa 60 an rubuta mata kilomita 420, ka rage mata in za ka kunna sanyi ka yi gudu, duk da haka za ta kai ka Marwa daga Garwa.

Sai ka isa kuma tambayar ta taso: a ina za ka sa ta? Soket ɗin gida na ba da kusan kilowat 2, cika batir 60 daga ƙasa zai haura kwana guda cur, in wutar ta tsaya ke nan. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda ƙarfinta ke sauka in ruwan Binuwai ya ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin, amma kowa ya san yadda rani yake. Mutumin Njamena ya fi ni sanin wannan labari. Mafitar ita ce faifan rana a gida: mai yin kilomita 50 a yini yana bukatar kilowat-awa 8 zuwa 9, abin da faifai huɗu ko biyar masu wat 500 za su iya bayarwa a ranarmu, muddin motar na gida da rana ko akwai batirin ajiya. Wannan kuɗi ne da za a ɗora a kan farashin motar.

Sauran haɗarin: batirin a ƙarƙashi yake shimfiɗe, dutse ɗaya a hanyar Mora ya isa. Tana da nauyi, tana cin taya. Wadda aka yi wa kasuwar cikin Sin bakin cajinta daban yake da na Turai, wani lokaci allon ma da rubutun Sinanci yake. In wani abu ya lalace a ɓangaren wutar, jiran kaya zai iya kai makonni. Masu sayen ta hannu kuma ba su yi yawa ba tukuna.

| | Esansi marar turbo | Gazuwal ƙirar Afirka | Gazuwal ƙirar Turai | Ibirid | Lantarki |
|---|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | mafi sauƙi | mai yawa | matsakaici zuwa mai yawa | ya ɗara na esansi | mai yawa, ga na caji |
| Kuɗin mai ko wuta a kilomita 1,500 (sefa) | kusan 100,800 | kusan 112,000 | ƙasa da haka kaɗan | kusan 63,000 | kusan 25,500 |
| Haƙuri da man jarka | da dama | tsohon famfo na jurewa | babu | da dama | bai shafe ta ba |
| Zafi da ƙura | tana jurewa | tana jurewa | matata da AdBlue na wahala | sai da kula da fanka | sai mai sanyaya batir |
| Mummunar hanya | sai RAV4 da irinta | nan ta fi kowa | ya danganta da ƙira | Prius a'a, RAV4 e | a yi hattara |
| Makanike | ko'ina | ko'ina | manyan garuruwa | kaɗan, a manyan garuruwa | da wuya |
| Sayarwa | nan take | nan take | da jinkiri | tana samun kasuwa | da jinkiri |

Lissafin gazuwal ɗin a kan lita 9 a kilomita 100 na yi shi.

Maganar rai

Kawu na cikin masu ƙwanƙwasa bodi su ce motar da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani. A nan ban bi shi ba. Gaban motar zamani da gangan aka yi shi ya lanƙwashe, ya shanye bugun kafin ya iso ga mutum, ɗakin fasinja kuma a yi shi da ƙarfe mai tauri. Dabarar injiniya Béla Barényi ce, Mercedes ta fara sa ta a 1959, shekarar da Volvo ta fito da bel mai maɗauri uku. Motar da ta fito daga haɗari ba ta lotsa ba, jikin mutanen ciki ne ya karɓi bugun.

Abin da zan biya ƙarin kuɗi dominsa shi ne ESC ko VSC, na'urar da ke taka wa taya ɗaya birki ita kaɗai in mota ta fara sulɓewa, kamar sanda ka kauce wa saniya da dare a hanyar Gidar. Ta zama dole a sababbin motocin Amurka daga ƙirar 2012, a Turai daga Nuwambar 2014. Na'urar bin layin hanya kuwa fenti take nema a kwalta, inda ba fenti ba ta da aiki.

Nan ne kuma shawarata ta neman ƙirar Afirka take da tarko. A 2018 ƙungiyar Global NCAP mai gwajin haɗarin motoci ta gwada Nissan NP300 da ake sayarwa sabuwa a Afirka ta Kudu, ba ta samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya. Injin da ya dace da manmu ba shi ke nuna an sa jakar iska da ESC ba, sai ka duba da idonka. Motocin shekarun 2000 zuwa tsakiyar 2010 kuma da yawa suna ɗauke da jakar iska ta Takata, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. An janye miliyoyi saboda ita. Ɗauki lambar shasi mai harufa 17 ka bincika a shafin kamfanin ko an canja ta.

Wa ya dace da wacce

Ɗan kasuwa ko makiyayin da ke bin kasuwannin ƙauye, Bogo yau, Adumri gobe, ko mai wucewa Abeshe, yana shan mai inda ya samu: Hilux ko Land Cruiser ƙirar Afirka, da ƙarin matata. Ma'aikaci ko malamar asibiti da zirga-zirgarsu ke cikin Garwa, Marwa ko Njamena, suna shan mai a gidan mai, kuma akwai mai kwamfutar ibirid a garin: ibirid, nan kuɗin mai zai dawo aljihu. Mai mota ɗaya tilo da za ta yi makaranta da biki da asibiti da ƙauye, kuma ba ya son abin da sai an kira Duwala: esansi marar turbo, ƙirar da ke da ESC. Mai lantarki ta wanda ke da faifan rana a gida da wata motar ta tafiya ce. Gazuwal ƙirar Turai sai mai yawan doguwar tafiya a kwalta, wanda ba ya kusantar jarka.

Kawu gonakin albasarsa na bakin mayo, kuma da na matsa masa ya amsa cewa rabin mansa a bakin hanya yake saye. Ya bar duka huɗun, ya sa dillalin ya nemo masa RAV4 mai esansi. Hoton farar nan mai lantarki dai bai goge shi ba, jiya ma ya tambaye ni nawa faifan rana biyar za su kama.